Ƙaura zuwa Alaska ta jirgin fito: jagora ga iyalin soja

Idan takardar canjin wurin aiki ta fito wa sojan Amurka da sunan Alaska a kanta, hanya uku ce a gaban iyalinsa. Ko su hau jirgin sama gwamnati ta aiko musu da mota daga baya, ko su tuƙa kwana da kwanaki ta cikin Kanada, ko kuma su kai kansu Bellingham a jihar Washington, su shigar da mota cikin jirgin fito, su kwanta ruwa ya ci musu rabin tafiyar. Kan ta ukun nan za mu tsaya.

Jiragen mallakar gwamnatin jihar Alaska ne, sunan hukumarsu Alaska Marine Highway System, wato babban titin ruwa na Alaska. Sun fara aiki a 1963, Bellingham kuma ta zama tasharsu ta kudu a 1989 bayan an taso daga Seattle. Ba don ado aka sa musu suna titi ba. Juneau, babban birnin jihar, babu titin mota da ya haɗa shi da sauran ƙasa. Haka Ketchikan, haka Sitka. Ga mutanen waɗannan garuruwa jirgin shi ne motar haya, shi ne kuma tirelar kaya. Wanda ya shiga yana tsammanin jirgin 'yan yawon shaƙatawa mai wurin ninƙaya da makaɗa zai sha mamaki. Wanda kuwa ya shiga da yara uku da kare da gajiyar tattara gida, kwana uku babu tuƙi ni'ima ce a wurinsa. Sai dai duk abin da zai sa tafiyar ta yi daɗi ko ta dagule, ana gama shi ne tun kafin tayar mota ta taka jirgin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A fara da takarda, tikiti ya biyo baya

Tafiyar soja da iyalinsa tana ƙarƙashin kundin dokokin tafiye-tafiye na rundunonin Amurka, wanda suke taƙaitawa da JTR, har dakarun tsaron gaɓar teku ma da shi suke aiki. Kundin ya san da zaman jirgin fito. Idan an amince, ana mayar da kuɗin fiton mota da na mutane da na ɗakin kwana, a biya alawus na abinci na kwanakin da aka yi a ruwa, ban da kuɗin mil na tuƙin da aka yi kafin jirgi da bayansa. Wannan "idan an amince" ita ce gaba ɗayan zancen.

Saboda haka ranar da takarda ta shigo hannu, ku ɗauke ta ku nufi ofishin sufuri da ofishin kuɗi na sansaninku. Ku tabbatar an rubuta cewa tafiya da mota ta jirgin fito tana cikin abin da aka yarje muku. Ku tambayi mota nawa za a biya wa, domin iyali da yawa mota biyu gare su, sukan so gwamnati ta aika ɗaya su shiga jirgi da ɗayar. Ku tambayi hukuncin tirelar da ake ja a bayan mota, kada ku ɗauka kawai za a biya. Ku tambayi kwana nawa aka lissafa muku na tafiya, tunda abin da ya haura daga hutun sojan za a cire shi. Amsar baki ba ta isa ba, ku roƙi a aiko muku ta imel. Ma'aikacin da ya ce muku "babu damuwa" a wannan sansani ba shi zai duba takardunku a wancan ba.

A lissafin soja Alaska tana cikin wuraren da ke wajen babban yankin Amurka. Wannan ya sa sai an tantance lafiyar iyali an amince su bi sojan, sunayensu su fito a takarda, kafin a biya musu ko sisi. Gidan da ke da yaro mai buƙatar kulawar likita ta musamman su fara wannan da wuri, domin nan ne takarda ta fi daɗewa. Wannan lissafi yana da alherinsa: tun 1 ga Janairun 2024 ana mayar wa soja kuɗin da ya kashe wajen ƙaura da kare ko kyanwa ɗaya, har dala 2,000 idan ƙaurar ta fita wajen babban yankin, dala 550 idan a ciki ce.

Ku san inda jirgin zai ajiye ku

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Manyan sansanonin Alaska ba a bakin hanyar jirgin suke ba. Elmendorf-Richardson, wanda aka haɗe daga sansani biyu a 2010, yana Anchorage. Fort Wainwright yana Fairbanks, Eielson kuma kimanin mil 26 kudu maso gabas da ita. Jirgin da ya taso daga Bellingham yana bi ne ta mashigan da ke tsakanin tsibirai, ya tsaya Ketchikan bayan kimanin sa'a 38, sannan Wrangell, Petersburg, Juneau, Haines, ya ƙare a Skagway. Cikin waɗannan, Haines da Skagway ne kaɗai ke da titin da ya fita. Mafi yawan masu nufin Anchorage ko Fairbanks a Haines suke sauka, bayan kusan kwana uku a ruwa, sannan sauran tuƙi: wajen mil 640 zuwa Fairbanks, wajen mil 760 zuwa Anchorage, kuma dole ta cikin Kanada.

Akwai wata hanyar da ta fi kowacce sauƙi, wato jirgin da ke tsallaka tekun Alaska ya sauke ku a Whittier, mil 60 kacal daga Anchorage, babu shiga Kanada. Jirgin Kennicott, wanda aka ƙera a 1998, shi ya saba yin ta. Amma ba kowace shekara take cikin jadawali ba, ƙarancin ma'aikata ya sa an sha dakatar da ita. Kada ku dogara da labarin maƙwabcin da ya bi ta shekara goma da suka wuce. Ku buɗe jadawalin bana ku gani da idonku. Idan ta samu, ku sani fita daga Whittier ta wata hanya ce ta ƙarƙashin dutse mai tsawon mil biyu da rabi, layi ɗaya, mota da jirgin ƙasa suna karɓa-karɓa a kanta, kowane ɓangare da lokacinsa.

Dakarun tsaron gaɓar teku da aka tura Ketchikan ko Juneau su ne suka more, jirgin har gida yake kai su. Na Kodiak kuwa da sauran aiki: bayan tuƙin, sai sun sake shiga wani jirgin, galibi tsohuwar Tustumena ta 1964, daga Homer.

Kama gurbi

Lokacin da sojoji suka fi ƙaura, daga Mayu zuwa Agusta, shi ne kuma lokacin da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa Alaska da manyan motocinsu na kwana. Jirgin Bellingham galibi sau ɗaya yake tashi a mako. Gurbin fasinja bai cika ƙarewa ba, Columbia kaɗai, ɗaya daga cikin jiragen da ke bin wannan hanya, tana ɗaukar mutum 499. Abin da ke ƙarewa shi ne ɗakin kwana da gurbin mota. Da zarar takarda ta tabbata, a ranar ku kama.

Kuɗin kashi-kashi ne: na kowane mutum daban, na mota daban, na ɗaki daban, na dabba daban, abinci kuma ba ya ciki. Kuɗin mota da tsawonta ake yanke shi. Ku ɗauko tef ku auna da kanku, daga ƙarshen gaba zuwa ƙarshen baya, har da maƙalar keke da ƙugiyar jan tirela da duk abin da ya leƙo. Idan akwai akwati a saman rufi, ku auna tsayi ma. A tasha suna iya sake aunawa, kuma ranar da jirgi ya cika, ƙafa biyun da kuka rage a fom tana iya zama rigima babba.

Ɗakunan ƙanana ne, masu gado biyu ko huɗu, gadajen masu hawa, wasu da taga wasu babu. Ni dai a ganina iyali mai ƙananan yara kada su yi tsimi a nan, su kama ɗaki mai banɗaki a ciki, in da hali mai taga. Wanda bai samu ɗaki ba bai rasa makwanci ba, za mu zo kan wannan.

Ku karanta sharaɗin soke tikiti, domin takardar soja kan canja rana ba da sallama ba. Ku kuma ajiye shiri na biyu a zuciya. Jiragen tsofaffi ne, Columbia tun 1974 take aiki, kuma a Yulin 2019 yajin aikin ma'aikata ya tsayar da su gaba ɗaya sama da mako guda, a tsakiyar lokacin ƙaura. Ku bar tazarar kwanaki tsakanin ranar saukarku da ranar da sojan zai kama aiki. Fasfo ɗin kowa ya kasance a hannu ko da Whittier kuka nufa, saboda in jirgi ya fasa, titin Alaska Highway da ya ratsa Kanada ne mafita.

Lissafin Kanada

Jirgin yana ratsa ruwan Kanada amma ba ya tsayawa a can, don haka katin shaida mai hoto ya isa shiga. Daga Haines ne ake buƙatar fasfo. Idan ɗaya daga cikin iyaye ne kaɗai ke tare da yara, ya riƙe takardar amincewar ɗayan. Wanda aka taɓa hukuntawa kan tuƙi cikin maye ana iya hana shi shiga Kanada, ko da shekaru sun ja; irin wannan a warware shi tun ana gida.

Gidajen soja da yawa suna da bindigogi nasu na kansu. A jirgi ana bayyana su lokacin shiga, a cire harsashi, a kulle a mota. Kanada kuwa dokarta daban: bindigar farauta mai dogon baki tana wucewa da fom na baƙo da kuɗinsa dalar Kanada 25, amma ƙaramar bindigar hannu matsala ce, kuma katin soja ba ya sassauta komai. Hanyar kwanciyar hankali ita ce a saka su cikin kayan gida da gwamnati ke ɗauka, bisa ƙa'idarsu, ko a aika ta hannun dillali mai lasisi.

Kare ko kyanwa suna buƙatar takardar lafiya daga likitan dabbobi wadda ba ta wuce kwana 30 ba, da shaidar allurar ciwon haukan kare. Tun 1 ga Agustan 2024 kuma, duk karen da zai shiga Amurka, har wanda ya ratsa Kanada na kwana ɗaya, sai ya kai wata shida, yana da 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an kuma cike masa fom na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta intanet. Ku cike shi kafin ku bar Bellingham, ku buga a takarda.

Kaya gida biyu

In akwai abu ɗaya da za ku riƙe daga wannan jagora, to wannan ne. Da jirgi ya tashi ana rufe hawan da motoci suke. Motarku tana ƙasan ƙafarku amma ta yi muku nisa. Ba a sauka wurinta sai jirgi ya tsaya a tasha, ko a ɗan lokacin da ake sanarwa ta lasifika, wajen minti 15, sau kaɗan a yini. Tsakanin Bellingham da Ketchikan kuwa yini ɗaya da rabi ne babu tasha.

To ku raba kaya tun a masauki, daren jajibiri. Kashi na farko shi ne abin da zai hau sama da ku: magunguna duka, kayan sawa na kwana uku, rigar sanyi da ta ruwa ga kowa ko da a Yuli ne, caja, madara da ƙunzugun jariri fiye da lissafinku, da abin wasan nan guda ɗaya da yaro ba ya barci sai da shi. Jakar takardu ma sama za ta hau: takardar canjin aiki kwafi da yawa, fasfo, takardun mota da inshora, na makarantar yara, na asibiti, na dabbobi, da ambulan guda na tara rasit. Kashi na biyu ya zauna a mota, amma abin da za ku iya nema a minti 15 ɗin nan ya kasance daf da ƙofa. Motoci ana jera su ne kusan jiki da jiki, wani lokaci but ba ya buɗuwa sosai saboda motar da ke baya.

Ku zo da ƙaramar kula da abincinku. Akwai kantin abinci a jirgi, Columbia har da ɗakin cin abinci na zama, amma ciyar da mutum biyar sau uku a yini na kwana uku yana cin aljihu, ga yaro mai zaɓen abinci. Ku sauke fina-finai da littattafai a waya tun kuna ƙasa. Sabis yakan ɓace na sa'o'i masu yawa, idan kuma ya dawo a ruwan Kanada, yana iya zama na kamfanin Kanada mai cajin baƙo.

Ranar shiga

Takardar gurbinku tana ɗauke da lokacin da ake son mai mota ya iso. Ku riga shi, ku ba kanku sa'a uku. Tashar tana unguwar Fairhaven. Ku sha mai daidai, ku yi sayayyar ƙarshe, ku zagaya da kare ya gaji sosai. Tukunyar gas, idan akwai, a rufe take shiga, kuma ku faɗa musu da ita. Ma'aikata su ke tsara wace mota za ta riga wace, bisa tashar da kowa zai sauka, saboda haka wanda ya zo bayanku yana iya shiga ya bar ku a layi. Ba son kai ba ne. Idan aka nuna muku gurbi, ku ja birkin hannu, ku kashe ƙararrawar ɓarayi don kada girgizar jirgi ta yi ta tayar da ita har batir ya mutu, ku ɗauki hoton wurin da kuka tsaya. Sannan ku nufi teburin jami'in kula da fasinja ku karɓi makullin ɗaki.

Kwanakin ruwa

Dabbobi ba sa hawa sama, ban da karnukan da ke yi wa masu naƙasa jagora. A mota ko a keji suke zama, a hawan ƙasa. Idan aka yi sanarwa sai ka ga mutane na gangarowa da sauri, kowa da igiya da leda da tsumma a hannu. Karnuka su fito suna shinshina daɓen ƙarfe, ga ƙarar inji, ga warin mai, da yawansu su ƙi yin komai. Akwai karen da zai riƙe fitsari har Ketchikan. Abin da ke taimakawa shi ne a saba masa da yi a kan tabarmar fitsari ko guntun ciyawar roba makonni kafin tafiya, a zo da ita, a rage masa abinci kaɗan, a bar masa ruwa da taga a ɗan buɗe. Duk abin da ya yi, mai shi ne zai goge. Tsohon kare ko mai firgita, ku yi shawara da likitansa ko jirgin sama ya fi masa.

Waɗanda ba su da ɗaki suna da zaɓi biyu. A saman jirgi ta baya akwai rumfa mai rufin gilashi da fitilun ɗumi a sama, da dogayen kujeru. Mutum ya shimfiɗa jakar barcinsa ya kama wuri. Bayanta kuma fili ne inda ake kafa tanti. Tunda ba a kafa turke a ƙarfe, da salatef mai ƙarfi ake manne shi a daɓe, a zuba kaya masu nauyi a ciki don kada iska ta yi gaba da shi. Akwai wuraren wanka na kowa da kowa. Ga matasa wannan shi ne daɗin tafiyar. Ga mai jariri, wahala ce.

Yawancin hanyar ruwa kwance yake, tsibirai sun tare igiyar teku. Wurare kaɗan ne jirgi ke fita fili, musamman Queen Charlotte Sound da Dixon Entrance, inda yakan yi tangaɗi na 'yan sa'o'i. Mai saurin jiri ya sha magani kafin a kai wurin, in amai ya fara magani ba ya zama. Tsakanin Wrangell da Petersburg akwai wani matsattsen mashigi mai tsawon mil 22 cike da fitilun alama ja da kore, wanda manyan jiragen yawon shaƙatawa ba sa iya bi. Ko da dare aka zo shi, ya cancanci a tashi yara su gani. Cikowa da janyewar teku ke yanke lokacin wucewa irin waɗannan wurare, shi ya sa za ku ga an tsaya wata tasha ƙarfe uku na dare.

Idan za ku sauka ku miƙe ƙafa, ku tambayi lokacin tashi ku rubuta, da agogon Alaska, wanda ke bayan na Washington da sa'a ɗaya. Jirgi ba ya jiran kowa. A Juneau tashar tana Auke Bay, kimanin mil 14 daga cikin gari, gajeriyar tsayawa ba ta isa zuwa da dawowa. Wani abu kuma: ma'aikatan jirgin na gwamnatin jiha ne, ba sa karɓar tukuici, kada ku matsa musu.

Daga Haines zuwa sansani

Ku cika tanki a Haines. Iyakar Kanada tana mil 40 daga garin, kuma ba dare da rana take buɗe ba. Idan jirgi ya sauke ku da yamma, ku kwana, kuma ɗakin a kama shi tun da wuri domin garin ƙarami ne. Agogon Yukon, yankin Kanada da za ku ratsa, yana gaban na Alaska da sa'a ɗaya a lokacin zafi, sa'a biyu a hunturu, ku sa wannan a lissafin lokacin iyaka. Titin yana hawa duwatsu ta Chilkat Pass, wajen mil 150 zuwa Haines Junction, inda za ku hau Alaska Highway, titin da sojojin Amurka suka fasa a 1942. Alamun gudu a nan da kilomita suke, mai kuma da lita. Daga tafkin Kluane zuwa Beaver Creek ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta tana daskarewa tana narkewa, titin ya yi tudu da kwari kamar raƙuman ruwa. Motar da ta sha kaya, balle mai jan tirela, ta bi a hankali. Kada tanki ya sauka ƙasa da rabi, gidajen mai suna da nisa, wasu kuma a rufe suke da hunturu.

A Tok hanya ta rabu: wajen mil 200 zuwa Fairbanks, wajen 320 zuwa Anchorage. Iyali da yara su raba tuƙin kwana biyu, su kwana a Tok. Masu tafiya tsakanin Oktoba da Afrilu su zo da tayoyin dusar ƙanƙara da barguna da abinci a mota. Masu nufin Fairbanks, inda sanyi ke kai digiri 40 ƙasa da sifiri, su sa wa injin na'urar ɗumama shi da ake jonawa da lantarki, tun kafin sanyi ya kama.

Da isarku, sojan zai cike fom na neman kuɗin tafiya, mai lamba DD 1351-2. A nan ambulan ɗin nan zai yi ranarsa. Ƙa'ida ita ce rasit na kowane masauki, da na duk abin da ya kai dala 75. Na jirgin ya nuna kuɗin mota da na kowane fasinja da na ɗaki da na dabba a rarrabe, tare da ranar shiga da ta sauka. Idan naku a dunƙule ya fito, ku nemi rarrababbe a tashar Haines tun kafin ku kama hanya.